Tsohuwar Kat-Kat Ta Matameye Da Tayoyinta

Matameye gari ne na jihar Damagaram. Nan ne mazaunin hukumar gundumar Kance. Wanda ya taso daga Damagaram zai bi babbar hanyar Maraɗi har Takeita, sannan ya karya kudu. Zai wuce Kance, ya shigo Matameye. In ya zarce zai isa Ɗan Barto, bakin iyaka. Can gaba Kwangwalam ce, da Daura, da Kano. Wata hanyar kuma ta fita daga garin ta nufi Magarya.

Amma yawancin mutanen ƙasar Matameye ba bakin kwalta suke zaune ba. Suna cikin ƙauyuka, wajen Kurni da Yawuri da Tsauni da Dungu. Ƙasa ce mai jama'a da yawa. Gona tana manne da gona, gawo ya cika ko'ina. Tsakanin gonakin hanya ce ta rairayi, wadda shanu da amalanke suka fitar. A kwarin Korama ruwa ba shi da nisa. Can ake noman rake da rogo da tumatir da kabeji. Kayan nan nauyi gare su, wasunsu kuma ba su jiran kowa. Tumatir ɗin da aka tsinka yau, in bai ga kasuwa gobe ba, jibi na awaki ne.

Babur yana shiga waɗannan hanyoyi, amalanke ma tana shiga. Amma babur ba ya ɗaukar dami ashirin na rake. Amalanke kuma ba ta kai mai naƙuda likita cikin dare a kan kari. Wannan aikin na motar da ake kira kat-kat ne, wato mota mai ja da ƙafa huɗu.

A tashar Matameye ana ganinsu ranar kasuwa. Ba sababbi ba ne. Akwai Toyota Hilux, akwai Land Cruiser, jefi-jefi kuma akwai Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila tun 1948. Wata ta girmi direbanta. Fentinta ya koɗe, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, amma injin yana tashi. Wasu daga cikinsu motocin sarushi ne da na ayyukan raya karkara, waɗanda aka yi gwanjonsu bayan sun gaji. Wasu kuma tsofaffi aka sayo su daga Turai, suka sauka a Kwatano.

Tsofaffin garin sun san mota tun zamanin gujiya. A lokacin akwai kamfanin matse man gujiya a Matameye. Kamfanin SONARA, wanda gwamnati ta kafa a 1962, shi ke sayen gujiyar manoma. Manyan motoci ke kwasar buhuna. Sai fari ya zo a 1973 da 1974, darɓa ta biyo baya a 1975, gujiya ta faɗi. A shekarun nan ne aka yi aikin raya karkara mai suna 3M, wanda ya haɗa Mirya da Magarya da Matameye. Malaman gona suka riƙa ratsa ƙauyuka cikin motoci masu ja da ƙafa huɗu. Mutanen ƙauye suka ga motar da rairayi ba ya tsayar da ita.

To, mota irin wannan komai ƙarfin injinta, a kan tayoyi huɗu take tsaye. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannu da yatsunsa ba sosai. A kan wannan ɗan wuri ne lodi yake, da direba, da karen mota, da fasinjan da suka zauna bisa buhuna. Shi ya sa maganar taya ba ta mai mota kaɗai ba ce. Ta shafi duk wanda ya biya kuɗinsa ya hau. Ta shafi ƙungiyar manoman da suka haɗa kuɗi suka sayi mota ɗaya don kai kayan lambu kasuwa.

RUBUTUN DA KE JIKIN TAYA

Kusa da tasha akwai rumfunan masu faci da masu sayar da taya. An jera tayoyi bisa juna, wasu sababbi cikin leda, mafi yawa ƴan gwanjo. Dukkansu baƙaƙe ne, dukkansu an goge su suna ƙyalli.

Makiyayi ba ya sayen sa don ƙyallin gashi. Buɗe bakinsa yake, ya duba haƙora, ya san shekarunsa. Ya ɗaga ƙafa ya duba kofato. Taya ma tana da haƙoranta. Shekarunta a rubuce suke a gefenta, da lambobi. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi lambobi, zai iya karanta su, ba ya bukatar tafinta.

A gefen taya a nemi haruffa uku: DOT. Bayansu akwai wasu haruffa da lambobi. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu, galibi cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko su ne mako, biyun ƙarshe su ne shekara. Misali, in an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In an ga 0522, mako na 5 ne na 2022. In ba a gani a wannan gefen ba, a juya tayar, don sau da yawa gefe ɗaya kawai ake rubuta su. In kuwa lambobi uku ne ba huɗu ba, an yi tayar kafin shekarar 2000. Wannan a bar ta wa mai amalanke.

Me ya sa ake neman shekarun? Domin roba tana tsufa ko ba a mora ta ba. Tana bushewa kamar fatar da aka bari a rana. Kamfanin Michelin yana cewa taya in ta shekara biyar ana aiki da ita a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai goma daga ranar da aka yi ta a sauke ta, ko da zanenta bai suɗe ba. Wannan lissafi ne na duniya duka. Zafin bazara na ƙasar Damagaram, da kwalta mai ƙona ƙafa a watan Afrilu, sun fi saurin cin roba.

Rubutu na biyu shi ne girma. Tsofaffin Land Rover da Land Cruiser da yawa suna sa taya mai lamba 7.50-16 ko 7.50R16. Lambar 7.50 faɗin tayar ne da inci. Lambar 16 girman wilin da take hawa ne. Akwai kuma mai lamba 235/85R16, tsayinta ya yi kusan daidai da waccan. Abin lura shi ne ɗan layin da ke tsakiya, ko harafin R. Mai layi ita ce tsohuwar ƙira, mai zare. Gefenta kauri gare shi, kututture ba ya yaga ta da sauƙi. Amma a kan kwalta tana zafi, tana saurin suɗewa. Mai R ita ce wadda ake cewa mai waya. Ta fi daɗewa a kwalta, ta fi rage shan mai, tana kuma shimfiɗuwa da kyau a rairayi. Rauninta a gefe yake. Motar da kullum tana cikin gonaki da kututtura, mai zare ba ta yi mata laifi ba. Motar da rabin tafiyarta a hanyar Damagaram take, mai waya ta fi mata. Abin da ba a yi shi ne a sa mai zare a dama, mai waya a hagu. Motar za ta riƙa jan gefe, birki kuma ba zai kama daidai ba.

Rubutu na uku shi ne ƙarfin ɗauka. Wata an rubuta 8PR, wata 10PR, wata 12PR. Yawan lambar, yawan ƙarfinta. Akwai kuma wata lamba bayan girman, kamar 112. Ma'anar 112 ita ce tayar tana iya ɗaukar kilo 1120, in an cika ta da iska yadda ya kamata. A tuna nauyin motar kanta yana cikin lissafin. Buhun hatsi goma na kilo ɗari-ɗari kilo dubu ke nan, kuma kusan duka a kan ƙafafun baya biyu suke sauka. Sai a ƙara mutane a sama. Taya mai kama da ta kat-kat wadda aka yi wa motar shiga gari ba ta jure wannan. Ɗan kamasho ba ya wannan lissafi, shi kansa nawa ya shiga yake ƙirgawa.

ƳAN GWANJO

Sabuwar taya tsada gare ta, ba wanda zai musa. Ba a yin taya a Nijar. A da ana samun na Nijeriya, amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Legas a 2008. Sababbin da suka fi yawa a kasuwa daga Sin da sauran ƙasashen Asiya suke zuwa. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan mota na waje suka yi tsalle. Rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda aka sake yi daga 2023 zuwa 2024, ya sa ko abin da ke Kano ya yi wuyar isowa. Saboda haka masu mota da yawa ƴan gwanjo suke saye. Ba abin kunya ba ne. Cikinsu akwai masu kyau. Amma wanda ya je saye ya buɗe ido.

A ƙasashen Turai doka ta hana hawa taya in zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba. Mutanen can suna sauke taya tun kafin ta kai haka. Su ne ake tarawa a turo Afirka. A cikin ramin zanen akwai wasu ƴan tudu ƙanana da masu ƙira suka sa. In zanen ya sauko ya yi daidai da tudun, tayar ta ƙare. Ana iya gwadawa da tsinken ashana: in ramin bai haɗiye kan ashanar ba, babu sauran abin saye.

Akwai kuma masu ha'inci. Suna samun suɗaɗɗiyar taya, su bi tsohon zanen da wuƙa mai zafi su zurfafa shi, su shafa baƙi. Daga nesa kamar sabuwa. A matso kusa a duba. Zanen masana'anta gefensa sumul yake, ko'ina daidai. Na wuƙa yana karkacewa, wani wuri har ana hango zare ko waya a ƙasan ramin. Irin wannan ce ke fashewa a kwalta da tsakar rana.

Wata kuma tana da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. Wannan ta lokacin sanyin Turai ce. Robarta taushi gare ta, an yi ta don hanyar ƙanƙara. A zafin nan tana cinyewa da wuri. Zanenta yakan yi zurfi da kyau, shi ya sa take ruɗin mai saye.

Mai saye ya tsayar da tayar, ya danna gefenta da gwiwa. In ƙananan tsage-tsage suka buɗe kamar kaushin dunduniya, ta bushe. Ya sa hannu ciki ya shafa ko'ina. Faci a tsakiyar zane, in an yi shi da kyau, ba matsala. Faci a gefe, ko ɗinki, ko kumburi kamar ƙari, a bar ta komai arharta. Kumburi yana nufin zaren ciki ya tsinke, kuma ba ya ɗinkuwa. Araha ba ta ado. In gwanjo uku suka mutu kafin sabuwa ɗaya ta suɗe, a haɗa kuɗinsu da kuɗin faci da ranakun kasuwar da motar ta kwana a daji, sannan a ga wace ce mai tsadar.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya, a sa su tare, ko gaba ko baya. Direbobi da yawa sun fi son sababbin a gaba, don sun san tayar gaba in ta fashe sitiyari ƙwacewa yake. Masu ƙera taya kuwa baya suke cewa, don bayan mota in ya zame ba ya kamuwa. A motar lodi ma baya ne ke ɗauke da nauyin. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne tayoyin huɗu tsayinsu ya zama ɗaya. A kat-kat, in aka sa giyar ƙafa huɗu, gaba da baya tare suke juyawa. In na gaba sun fi na baya tsayi, ƙafafun suna faɗa da juna, giya ce ke shan wahalar. Gyaran giya kuwa ya fi tayoyi huɗu tsada.

HANYAR KORAMA

Da la'asar kasuwa ta fara watsewa. Motocin ƙauye suna lodin komawa: gishiri, takin zamani, kwanon rufi, jarkokin mai, mata da ƙwaryarsu, wani lokaci har da tunkiya ɗaure. Mota ta fita gari, ta ɗan taɓa kwalta, sai ta sauka rairayi.

A nan ake gane direban da ya san aikinsa. Yana tsayawa. Karen mota ya sauka, ya murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, in motar tana da su. Direba ya sa giyar ƙafa huɗu. In rairayin mai zurfi ne, su rage wa tayoyin iska. Fasinja su fara gunaguni, rana tana faɗuwa. Wani dattijo ya ce, "Malam direba, lafiya dai?" Direba ya ce, "Lafiya lau, Baba, takalmi muke sake mata." Taya mai ƙarancin iska tana buɗewa kamar tafin raƙumi, tana tafiya bisa rairayi. Mai iska tam kuwa haƙa take, kamar kofaton jaki. Wanda ya ƙi tsayawar minti biyar zai yi awa ɗaya yana turi, ana yanko ƙirare ana sa wa ƙarƙashin ƙafa.

Amma wannan dabara tana da sharaɗi. Da iska ta ragu, sai tafiya a hankali, ba karya kwana da ƙarfi. In an dawo kwalta ko burji, dole a mayar da iskar, a kuma cire giyar ƙafa huɗu. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, ga lodi, ga gudu, lanƙwashewa take tana miƙewa har ta yi zafi ta fashe. Mutane da yawa suna zaton yawan iska ne ke fasa taya a kwalta. Ƙarancinta ya fi fasawa. Shi ya sa motar da ba ta da famfo a cikinta bai kamata ta rage iska ba. Ana auna iska da safe, tayar tana sanyi. In an taɓa ta da rana aka ji ta yi tauri, kada a sace mata iska, zafi ne ya kumbura ta, za ta sauka da kanta.

Abokan gabar taya a wannan hanya ba su da girma. Ƙayar aduwa ce, da ta gawo, da ta magarya da aka yi shinge da ita. Sai kututturen da aka sare a bakin gona, wanda rairayi ya rufe. Ƙaya tana shiga ta karye, ta kwanta cikin roba. Yau ba komai, gobe ba komai, jibi ta isa tif. Mai facin da ya san aiki, in ya toshe tif, yana shafa cikin tayar da hannu har ya samo ƙayar ya cire ta. Yana kuma kakkaɓe rairayin da ya shiga, don ƙwayar rairayi tsakanin taya da tif tana goga shi har ya huje.

Akwai hatsari ɗaya a rumfar mai faci da yara masu kallo ba su sani ba. Tsofaffin Land Cruiser da yawa wilinsu mai zobe ne, wanda ake ɓanɓarewa a cire taya. In zoben bai zauna daidai ba aka buga iska, yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. Mai hankali yana kifa wilin, zoben yana kallon ƙasa, ko ya ɗaure shi da sarƙa. Kada kowa ya tsaya a kansa.

Da damina hanyar tana sake kama. Rairayi in ya sha ruwa yana yin tauri, tafiya ta yi daɗi. Amma a kwari akwai laka da tafkuna. Suɗaɗɗiyar tayar da ta lallaɓa duk rani, a nan take tona asirin kanta, tana juyawa wuri ɗaya. Kuma lokacin ne zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, ake neman mota tsakar dare zuwa likitar Matameye. Wanda zai sake taya, ya sake ta kafin ruwan farko.

KAFIN A TAYAR DA INJI

Sauran jikin motar ba ya neman abu mai yawa, amma yana nemansa kullum. Da asuba karen mota yana buɗe gaba. Ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya ga inda ya tsaya, ya leƙa man birki. Ya duƙa ya ga ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare. Ya bi notocin ƙafa da sufana, don gargada tana kwance su. Ya ƙirga ganyen sifirin, ko ɗaya ya karye. Ya taɓa safaya. Safayar da ba ta da iska kaya ce kawai. Jak kuma ba ya tsayawa a rairayi sai da guntun katako a ƙarƙashinsa.

Da hunturu ƙura ce babbar cuta. Inji yana shaƙar iska kamar mutum, kuma yana da matata. A riƙa cire ta ana kakkaɓewa. In ta huje a sake ta, don ƙurar da ta wuce ta tana cin cikin inji kamar dutsen niƙa. Tsohuwar Land Rover matatarta mai ce a cikin kwano, sai a zubar a wanke a zuba sabo. Bayan kaka, tsabar ciyawa da ƙaiƙayi suna toshe fuskar lagireto, inji ya riƙa zafi. Tsohon injin gazuwal a wannan ƙura yana son a juye masa baƙin mai duk kilomita 5000. In agogon motar ya mutu, kamar yadda na yawancinsu ya mutu, a sami ɗan littafi a rubuta ranar da aka juye. Ƙarƙashin motar kuma akwai ƴan nonuwa da ake buga wa giris, musamman bayan an ratsa ruwa.

Man sha ma abin lura ne. Tun 2011 akwai matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram. A bakin iyaka kuwa an daɗe ana sayen mai cikin kwalba da jarka. Da Nijeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, arhar man kwalba ta ragu. Ko daga ina man ya fito, in daga jarka za a zuba, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ruwa da rairayi a cikin gazuwal suna kashe famfon inji.

Tayar da aka sauke kuwa ba ta barin Matameye. In da sauran numfashi, mai amalanke ya saye ta, shanu ba su gudu. In ta mutu sarai, akwai masu yanka ta a bayan kasuwa. Daga zanen suna fitar da takalmin da makiyaya ke sawa, wanda ƙaya ba ta huda shi. Daga gefen suna yanko igiyar ɗaure lodi. Wata a raba ta biyu ta zama kwamin shayar da awaki. Tif ɗin kuma a ɗinke shi ya zama guga. A rijiyoyin lambunan Korama, gugar da ke fito da ruwan tumatir da yawa daga cikin tayar mota ta fito.